Yadda ake koyon waƙoƙin gargajiya na Ayalan da Sikotlan: kunne tukuna, takarda daga baya

Waƙoƙin gargajiya na Ayalan da Sikotlan a ɗakin girki suka girma, da bakin murhu, da gona, da cikin jirgin masunta. 'Ya ta ɗauka a bakin uwa, yaro ya ɗauka a bakin maƙwabci. Littattafan da ke maƙare da su yau daga baya suka zo, lokacin da masu tarawa suka riƙa bin ƙauyuka suna rubuta abin da suka ji. Séamus Ennis a kan keke ya karaɗe yammacin Ayalan tsakanin 1942 da 1947, yana yi wa hukumar tattara al'adun ƙasar aiki da alƙalami da takarda, kuma duk abin da ya rubuta sai da ya fara shiga kunnensa. Kai ma hanyar ke nan: waƙa ɗaya, daga bakin mutum ɗaya, da kunne, har ta zauna maka daram.

Kayan aikin ba su da yawa. Waya, iyafis, littafin rubutu, da 'yar data. Zaƙin murya ba sharaɗi ba ne. Cikin mawaƙan da ake ji da su a wannan fage akwai masu kaushin murya da masu waƙa ta hanci, abin da ake nema a wurinsu shi ne su isar da labari.

Mataki na farko: san inda ka sa ƙafa

Mutane kan yi musu kuɗin goro su ce "waƙar Turawa", alhali harsuna huɗu ne a ciki, kowanne da ɗabi'arsa.

Akwai harshen Ayirish, wanda har yau ake magana da shi a gida a wasu yankuna kamar Connemara, Donegal, yammacin Kerry, Múscraí a Cork da An Rinn a Waterford. Tsohon salon waƙarsu sunansa sean-nós: mutum ɗaya ne, ba kiɗa, ba tafi, waƙar tana bin numfashi da nauyin kalma. Mutanen Connemara sun fi yi wa murya ado, na Donegal sun fi tafiya a miƙe.

Akwai Gelik na Sikotlan, a tsaunukan arewa da tsibiran Lewis, Harris, Uist, Barra da Skye. Nan ne matattarar waƙoƙin aiki: na tatsar saniya, na tuƙin jirgi, na kaɗi, na renon jariri, na bugun ƙyalle.

Sai Scots, ɗan'uwan Turanci da ake yi a kudanci da arewa maso gabashin Sikotlan. Da shi ake dogayen waƙoƙin labari na kisa da kishi da cin amana, da kuma waƙoƙin 'yan ƙodagon gonakin Aberdeenshire, waɗanda akan ɗauka aiki wata shida-shida, su kwana a ɗakin bayan gona suna yi wa mai gona waƙar rowa da rashin daɗin abinci. Na huɗu shi ne Turancin kansa, wanda yawancin waƙoƙin Ayalan na ƙarni na 19 suka zo da shi: tawayen 1798, yunwar 1845 zuwa 1852 da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, da bankwana da gida a kan hanyar Amurka.

In kana jin Turanci, fara da na Turanci ko Scots. Ba don sun fi kyau ba, don dai kar ka ɗauki kaya biyu a rana ɗaya, na harshe da na kari.

Mataki na biyu: zaɓi waƙa ɗaya tak

Nemi mai baiti biyar ko shida, mai amshi, wadda karinta bai yi hawa da gangara da yawa ba. Ka kuma duba abin da take faɗa tun kafin ka shaƙu da ita. Waƙoƙin giya suna da yawa a nan, na batsa ma haka, wasunsu an lulluɓe su da zancen garma ko saƙa ko niƙa yadda baƙo ba zai gane ba. Zaɓi wadda za ka iya rerawa ko da surukinka na zaune.

Ka yi hattara da waɗanda suka fi shahara. "Danny Boy" ita ce ke fara zuwa bakin kowa, amma kalmominta wani lauya ɗan Ingila ne, Frederic Weatherly, ya rubuta su a 1910, ya ɗora su a kan tsohon karin a 1913. Karin shi ne na gargajiya: Jane Ross ta garin Limavady ta rubuta shi, George Petrie ya buga shi a 1855. Ga shi kuma kusa da ƙarshe tana hawa can ƙololuwa, inda muryar sabon shiga ke tsagewa. A bar ta sai an yi ƙwari.

Wanda zuciyarsa ta karkata ga Gelik, ƙofa mafi sauƙi ita ce waƙar bugun ƙyalle, wadda suke kira òran luaidh. Ga yadda abin yake a tsibiran har zuwa wajen tsakiyar ƙarni na 20. In an sauke ƙyallen ulu daga masaƙa, sai a ɗinke bakinsa biyu ya zama zobe, a jiƙa shi da tsohon fitsari don ya yi laushi, mata su zauna layi biyu suna fuskantar juna a dogon tebur, wani lokaci ma ƙyauren ɗaki ake cirowa a shimfiɗa. Kowacce ta damƙi ƙyallen, ta maka shi a katako, ta miƙa wa ta kusa da ita, yana zagayawa ta hanyar da rana ke bi. Mace ɗaya ke bayarwa, ɗango ɗaya, sauran su karɓa da amshi wanda yawanci sautuka ne marasa ma'ana irin su ho, ro, hi, ri. Ba a maimaita waƙa a zama ɗaya, suna ganin yin haka zai ɓata ƙyallen. Duk wanda ya tashi yana jin waƙar daka a tsakar gida, taɓarya na sauka mata na amsawa, kunnensa ya riga ya san wannan tafiyar. Fara da amshin. Cikin kwana biyu za ka iya shiga sahu, ɗangogin mai bayarwa su biyo baya.

Mataki na uku: nemo tsohuwar murya

Wannan matakin shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne gishirin aikin. Abin da ka fara cin karo da shi a YouTube galibi na ƙungiyoyin zamani ne masu jita da ganga. Suna da daɗin ji, amma sun ɗaure waƙar a bugu guda don kiɗa ya zauna, sun yanke baitoci don ta yi daidai da faifai, muryoyi uku kuma sun haɗu har ba ka gane wanne ne asalin karin. Kai murya ɗaya kake so, ba kiɗa a bayanta.

Irin waɗannan muryoyin suna nan kyauta. Shafin Tobar an Dualchais yana ɗauke da dubun dubatar naɗe-naɗe na Gelik da Scots, da yawansu daga taskar sashen nazarin al'adun Sikotlan da jami'ar Edinbara ta kafa a 1951. A nan za ka ji Jeannie Robertson, 'yar matafiyan hanya masu yawo da tanti, wadda mai tara waƙoƙi Hamish Henderson ya ƙwanƙwasa ƙofarta a Aberdeen a 1953 ya tarar da rumbun waƙoƙin da ta ɗauka a bakin mahaifiyarta. Ta ɓangaren Ayalan akwai taskar kiɗan gargajiya ta ITMA da aka kafa a Dablin a 1987, akwai kuma shafin da aka keɓe wa Joe Heaney, mutumin Carna a Connemara, wanda aka haifa a 1919 ya rasu a Seattle a 1984. An sa muryarsa tare da kalmomi da fassara. Abin da Ba'amurke Alan Lomax ya naɗa a ƙasashen biyu a 1951 shi ma yana kan intanet.

Ga wata dabara da za ta rage maka wahala. Waƙa ɗaya takan yi suna goma. Don haka masana suka ba su lamba. Francis James Child na jami'ar Harvard ya tara waƙoƙin labari 305 ya buga tsakanin 1882 da 1898, kowacce da lambarta. Daga baya Steve Roud ya yi babban jadawali na waƙoƙin da ake yi da Turanci da Scots, yana nan a shafin ɗakin karatu na Vaughan Williams. "Barbara Allen", wadda wani ɗan Ingila, Samuel Pepys, ya ambata a littafin tarihin kwanakinsa tun 1666, ita ce Child 84, Roud 54. In ka bi lambar, za ka ga mutanen da suka rera ta a garuruwa daban-daban, kari daban, baitoci daban. Saurari uku ko huɗu, ka zaɓi wanda ya fi shigar ka, ka manne masa. Kar ka ɗebo baiti nan ka ɗebo can tun yanzu.

Mataki na huɗu: saurara, baki a rufe

Sauke naɗin a waya don kar data ta riƙa katse maka hanzari. Ka yi mako guda kana ji kawai, a mota, a shago, kafin barci, ba takarda a gabanka. Kowane saurare ka sa kunne a abu ɗaya: yau ina yake jan numfashi, gobe wace kalma yake ja, jibi ina karin ya fi hawa, gata me ya bambanta baiti na farko da na uku. In wuri ya yi maka sauri, rage gudun zuwa 0.75. Alamar an gama wannan matakin ita ce ka tsinci kanka kana gunguninta kana wanke hannu, ba ka ma yi niyya ba.

Mataki na biyar: labari da lafazi

Yanzu ɗauko littafinka ka rubuta kalmomin da hannu, daga abin da kunnenka ya ji. Inda ba ka gane ba ka bar gurbi. Sai ka gama sannan ka nemo rubutacciyar ka cike. In ta saɓa da abin da mawaƙin ya faɗa, bi mawaƙin.

Daga nan ka ba wa wani labarin da Hausa, a jimla biyar ko shida. In ka kasa, ba ka gane waƙar ba tukuna. Waƙoƙin labarin Sikotlan suna da wata ɗabi'a: a tsakiyar rikici suke farawa, su tsallake shekara bakwai tsakanin baiti da baiti, mutum biyu su yi ta musayar magana ba a faɗi wa ke magana ba. Sai ka san uwa ce ke tambaya ɗa ke amsawa kafin ka san inda za ka sassauta murya. Kalmomin Scots da suka shige maka duhu akwai ƙamusunsa a intanet mai suna Dictionaries of the Scots Language. Na Ayirish, shafin Teanglann yana furta maka kalma da karin harshe uku, na Ulster a arewa, Connacht a yamma da Munster a kudu. Zaɓi na yankin mawaƙinka. Na Gelik kuma LearnGaelic.

Lafazi yana da tarko uku ga mai harshen Hausa. Na farko, bakinmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai mu cusa wasali: "green" ta koma "girin", "strand" ta koma "sitiran". A hira ba laifi, a waƙa kuwa gaɓa ɗaya ta zama biyu ko uku, kari ya karye. Ka ware irin waɗannan kalmomin ka yi ta maimaita su su kaɗai har su dunƙule. Na biyu, rubutun Ayirish da Gelik ba ya karantuwa da idon boko: "bh" da "mh" sautin v ko w suke bayarwa, wasu haruffan kuma ba a furta su sam. Kar ka yarda da ido, rubuta yadda ka ji da rubutun Hausa a ƙarƙashin kowane layi. Na uku kuwa sauƙi ne ga wanda ya yi karatun allo: "ch" ɗin da ke cikin "loch" da "nicht" ita ce kha ta Larabci, daga maƙogwaro.

Akwai kuma batun nauyi. Rubutacciyar waƙar Hausa da doguwar gaɓa da gajera take tafiya. Waɗannan da dannawa suke tafiya, wato gaɓar da aka fi bugawa a kalma. Baitin waƙar labari galibi ɗango huɗu ne: dannawa huɗu, uku, huɗu, uku. A waƙoƙin Ayirish kuma wasulan da aka danna su ne ke amsa juna daga ɗango zuwa ɗango, a tsakiya, ba a ƙarshe kaɗai ba. Ja layi ƙarƙashin gaɓoɓin da ake dannawa, sannan ka karanta baitin da ƙarfi kamar magana, ba kari, har sai ya daina yi maka tuntuɓe a harshe.

Mataki na shida: gano ƙashin bayan karin

Robert Burns, shahararren mawaƙin Sikotlan wanda ya ba da gudummawar waƙoƙi masu yawa ga kundin James Johnson mai waƙa 600 da aka buga tsakanin 1787 da 1803, ya rubuta wa wani mai buga kundin waƙoƙi, George Thomson, a 1793 cewa ba ya iya ɗora kalmomi a kan kari sai ya mallake shi da muryarsa tukuna. In mai tsara waƙa haka yake yi, ina ga mai koyo.

Abin farin ciki, karin bai kai yadda yake tsoratarwa ba. Yawanci jimla biyu ce kawai ake juyawa a ɗango huɗu. Kira ta farko A, ta biyu B. A waƙoƙin Ayalan da yawa tsarin A, B, B, A ne: a fara ƙasa, a hau sama sau biyu, a dawo gida. Wasu kuma A, A, B, A. Saurari baiti ɗaya ka rubuta haruffan a gefen kalmomin. Da ka yi haka aikin ya ragu rabi.

Wanda ya taɓa zama a ƙungiyar mawaƙa ta makaranta ko ta coci ya san do, re, mi. Zai taimake shi a nan, kuma ba baƙon abu ba ne a wannan fage, don da wannan rubutun Sam Henry ya riƙa buga waƙoƙi a wata jaridar garin Coleraine na arewacin Ayalan daga 1923 zuwa 1939. Abin lura shi ne kari da yawa ba a "do" suke sauka ba. Wasu a "re", wasu a "so", wasu a "la". Nan ne wannan ɗanɗanon yake, wanda ba farin ciki ba ne ba kuma baƙin ciki ba. Kunnen da ya saba da waƙoƙin rediyo zai so ya "gyara" ƙarshen ya kai shi "do". Hana shi. Wasu karin na Sikotlan kuma sauti biyar kacal suke amfani da shi, ba "fa" ba "ti".

Kafin ka fara rerawa, nemo sautin da ya fi hawa a waƙar da wanda ya fi sauka, ka gwada su a muryarka. Ba dole ka fara daga inda mawaƙin ya fara ba. Tunda ba kiɗa, duk inda ya yi maka daidai nan ne daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa sama, sai an zo ɗango na biyu mutum ya ga ba matakala.

Sai aikin gaske. Kunna ɗango ɗaya, tsayar, maimaita. Sau uku tare da shi, sau uku kai kaɗai. Ƙara na biyu, haɗa su. In baitin farko ya zauna, naɗi kanka a waya ka saurara kusa da nasa. Ba daɗi, na sani, ba wanda ke son jin muryarsa, amma nan za ka ji inda ka miƙe abin da ya lanƙwasa. Wajen haddar sauran baitoci, wata rana ka faro daga na ƙarshe ka yo baya. In kullum daga farko kake farawa, baiti na ɗaya zai sha maimaici ɗari, na shida ya sha biyar, kuma a na shidan ne za ka kafe a gaban mutane.

Mataki na bakwai: bugu da kiɗan rawa

Waƙoƙi da yawa a kan kiɗan rawa aka ɗora su, don haka sai ka iya bambance su da ƙafarka. Ga hanya mai sauƙi da kalmominmu. Kiɗan da ake kira jig, mai awon 6/8, ka ce "Sakkwato, Sakkwato", ƙafa na sauka a kan "Sak". Slip jig, 9/8, Sakkwato uku ne a jere. Reel, mai 4/4, ka ce "maza-maza, maza-maza". Hornpipe ya fi reel nutsuwa, yana ɗingishi, doguwa da gajera: "Bauchi, Bauchi, Bauchi, Bauchi", ya kan rufe da bugu uku masu nauyi. Strathspey kuwa na Sikotlan ne, alamarsa wata fizga: gajeren sauti a kan bugu, dogo ya biyo, kamar ka ce "gida" ka fizgi "gi" ka ja "da". Kunna kiɗa goma a jere ka gwada kalmomin a kansu, wadda ta hau daidai ita ce. Yawancinsu sashe biyu ne, kowanne awo takwas, a yi na farko sau biyu, na biyu sau biyu.

In ba kayan kiɗa a gida, baki ne ke yi wa masu rawa kiɗa. A Ayalan da sautuka irin su "didil-di-dam" ake yi, a Sikotlan kuma akwai puirt-à-beul, 'yan gajerun kalmomin barkwanci masu gudu. Za ka ji ana cewa wai hana busa algaitarsu mai salka bayan yaƙin Culloden na 1746 ne ya haifar da su. Dokar da aka kafa a lokacin makamai da tufafin mutanen tsaunuka ta hana, ba ta ambaci algaita ba. Koyi guda ɗaya ko don numfashi. Mai rawa ba ya jiran ka shaƙi iska, dole ka koyi satar numfashi ta hanyar yar da gaɓa ɗaya ba tare da bugu ya motsa ba.

Sean-nós da manyan waƙoƙin labari kuwa, sauke ƙafarka. Akwai bugun zuciya a cikinsu, amma kalma ce ke jan ragama.

Mataki na takwas: ado

Kar ka taɓa ado sai waƙar ta tsaya da ƙafarta ba shi. Adon iri biyu ne a taƙaice: ɗan sautin da ake taɓawa a sama ko a ƙasa kafin a sauka a kan na ainihi, da kuma murɗa gaɓa ɗaya a kan sautuka uku ko huɗu. Koma ga naɗin, rage gudu zuwa rabi, ka sa alama a kan kalmomin da ya yi wa ado. Za ka lura ba a wuri ɗaya yake yi a kowane baiti ba, kuma ba ya ƙara ƙarfin murya don nuna baƙin ciki, ba ya rawar murya irin ta mawaƙan dandali. Wasu ma sukan riƙe sauti ta hanci a kan "n" ko "m" a ƙarshen ɗango don zaren kar ya tsinke. Ɗauki ado ɗaya, sa shi a wuri biyu a duk waƙar. Ya isa na wata guda. Sabon shiga mai ado a kowace gaɓa, kalmominsa ne ke nutsewa.

Mataki na tara: sarewa da takarda

Yanzu takarda ta samu shiga. In kana son ka riƙa busa karin, nemi sarewar kwano mai huda shida, ta D (sunan sautin da karinta ke zaune a kai), ita ce mafi araha cikin kayan kiɗansu kuma yawancin kiɗan a D ko G suke. Rufe duka hudojin ka busa a hankali, D ke nan. Ɗaga yatsu ɗaya-ɗaya daga ƙasa kana hawa. Ƙara ƙarfin iska ka samu hawa na biyu. Fara da karin waƙar da ka riga ka haddace, ka lalubo shi da yatsu ba tare da duba komai ba.

Don adanawa akwai rubutun ABC da Chris Walshaw ya tsara, wanda ake yi da haruffan waya: M:6/8 awo ne, K:D mazaunin kari, manyan haruffa sautukan ƙasa, ƙanana na sama. Shafin The Session cike yake da kiɗa a wannan rubutun. Tsofaffin kundaye ma suna nan, kamar na Francis O'Neill, ɗan Cork da ya zama shugaban 'yan sandan Shikago, wanda ya buga kari 1,850 a 1903. Amma duk abin da ke takarda ƙwarangwal ne. Ba ta nuna jan numfashi, ba ta nuna ɗingishin bugu. In ta yi gardama da tsohon da kake koyo a wurinsa, tsohon ne da gaskiya.

Mataki na goma: fito da ita gaban mutane

Waƙar da ba a taɓa rera wa kowa ba, ba a gama koyonta ba. Fara da mutum ɗaya a gida. Ba shi labarin da Hausa a taƙaice, faɗi wanda ka ɗauka a wurinsa da garinsu, sannan ka rera daga farko har ƙarshe ko da ka yi kuskure. In baiti ya ɓace maka, yi gungunin karin har ya dawo, ko ka tsallaka na gaba.

A Connemara mai sean-nós yakan zauna ne, ido a rufe ko yana kallon bango, wani lokaci hula ta rufe goshi. Na kusa da shi ya kama hannunsa yana juya shi a hankali tare da tafiyar waƙar. Tsakanin baiti da baiti wani ya ce "Dia leat", Allah ya kasance tare da kai. Ɗangon ƙarshe kuma sau da yawa ba a rera shi, faɗinsa ake yi da magana, alamar an sauka. Ba wasan kwaikwayo, ba yarfa hannu.

In Allah ya kai ka can, ka san ladubban zama. In an fara waƙa kowa shiru. Ba a maimaita wadda wani ya riga ya yi a daren. In an san wani dattijo da wata waƙa, ba a yin ta a gabansa sai ya ba da izini. Ba a sa wa mai waƙa kiɗa sai ya nema, kuma karanta kalmomi daga waya abin kunya ne a wurare da yawa. Gaskiya ne yawancin zaman kiɗa na yau a mashaya ake yi, al'adar da ta yi ƙarfi a tsakanin 'yan ci-ranin Ayalan a Landan bayan yaƙin duniya na biyu. Wanda ba ya shiga irin wurin yana da wasu ƙofofin. Ƙungiyar kiɗan gargajiyar Ayalan ta Comhaltas, da aka kafa a Mullingar a 1951, tana da rassa da azuzuwa a ƙasashe da dama. Makarantar bazara ta kiɗan gargajiya mai sunan Willie Clancy tana ci kowane Yuli a Miltown Malbay ta Ayalan tun 1973. Kwalejin Sabhal Mòr Ostaig a tsibirin Skye tana koyar da Gelik, har daga nesa. Daga ɗakinka kuma kana iya kama Raidió na Gaeltachta, gidan rediyon harshen Ayirish, ta intanet ka ji yadda ake yi yau.

Kafin ka ɗauki waƙa ta biyu, buɗe shafi a littafinka ka rubuta sunan ta farko, lambarta ta Roud in tana da ita, wanda ka koya a bakinsa, sautin da kake farawa da shi, da kalmomi uku na farkon kowane baiti. Kalmomi ukun nan su ne za ka riƙa leƙawa, don yawanci farkon baiti ne ke ɓacewa, in ya zo sauran na biye. Ware rana ɗaya a mako ta bitar tsofaffi, ka rera kowacce sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka taɓa sabuwa. In za ka sa naɗinka a intanet, bincika tukuna ko waƙar tana da mai ita, don wasu da ake ɗauka na kaka da kakanni ne an tsara su ne a shekarun 1960 da 1970, kuma haƙƙin mallakarsu na nan a hannun iyalan masu su.